Daɓen da Kika Yi a Dutsen Kurciya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hannatu,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, a durƙushe, yadda kika koya mini. Ina fatan kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa bayinsa. Mu nan muna lafiya gwargwado. Bazara ta kankama, rijiyar bayan makaranta ta ja baya, yaran ajina suna ta ƙirga kwanakin da suka rage kafin Ista.

Tun da muka kai ki makwancinki ban taɓa zama na rubuto miki ba. Yau ma ba daɗi ne ya sa ni ba. Raina a ɓace yake, kuma waɗanda ya kamata su saurare ni sun ƙi, shi ya sa na dawo gare ki. Na san wasu za su karanta wannan takarda. Su karanta. Babu abin da zan faɗa a nan da ban faɗa a gaban dattawa ba.

Maganar ɗakin sujadarmu ce na kan Dutsen Kurciya.

Bayan tafiyarki hanya ta lalace, aka yi shekaru babu mai hawa. Bana an ɗan sami sauƙi, dattawan ikilisiya suka ce za a koma zuwa Galili, hawan dutsen nan da muke yi don sujada ranar Litinin ɗin Ista, kamar da. Mutanenmu na Gummi sun ce za su cika mota, na Bukkuyum ma haka. Ni na fi kowa murna. Na fara koya wa yaran makarantar Lahadi waƙoƙin hawa, na zana musu dutsen a allo. Akwai yaran da aka haifa suka yi wayo ba su taɓa ganin ɗakin ba sai a bakina.

Kin tuna yadda muke yi? Mako guda kafin Ista mata su hau yin daɓe. Kowane gida ya ɗebo ƙwarya guda ta ƙasa daga tsakar gidansa, ba ta daji ba, ba ta bakin gulbi ba, sai ta inda iyali ke takawa. A haɗa, a kwaɓa, a shimfiɗa a kan ta bara, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi sheƙi. Ke ce gaba a wannan aiki fiye da shekarun da zan iya tunawa. Kina tafe da ƙwarya biyu a kai, ɗaya bisa ɗaya, ni ina bayanki da tulu ina kukan ƙafa. Kina cewa, "Tahi dai, Ladi, dutse ba ya saukowa ya tarbe ki."

Ƙwarya ta biyun ta Gwaggo Tumba ce, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Ita Musulma ce, ba ta taɓa hawa sujada ba, amma ba ta taɓa fashin aiko da ƙasarta ba. Tana miƙo miki ta kan katanga, tana tsokanarki da sunan ƙabilarmu, tana cewa, "Amshi, Badakkariya, ki kai. In kun roƙa ku sa da mu." Ke kuma ki ce mata ƙasar gidanta ta fi ta kowa nauyi saboda rowar da aka taka a kanta. Ku yi ta dariya. Ba ita kaɗai ba ce. Gidajen Musulmi da yawa suna aikowa ta hannun maƙwabta, har daga ƙauyuka.

Kowa da labarinsa a kan dutsen nan. Manoman da ke gindinsa suna cewa kakanninsu a can sama suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe, kuma ramukan nan masu santsi da ke kan falalen inda matansu ke niƙa ne. Fulani suna cewa wata farar saniya ta ɓace kwana bakwai, aka same ta a can ƙoli kwance tana tuƙa, alhali babu hanyar da saniya za ta bi ta hau. Mu kuma muna da Mai-goyo.

A bakinki na fara jin Mai-goyo. Matar da ta goyo ɗanta kwana uku yana zazzaɓi, ta rasa mai taimako, hadari ya koro ta ta fake a ɗakin sujada. Ta shimfiɗe yaron a kan daɓe ta fita hayyacinta don gajiya. Yaro ya juya ya lashi ƙasa. Da ta farka ta same shi zaune yana neman fura. Kina kai wa nan sai ki tsaya, ki dube mu ɗaya bayan ɗaya, ki ce, "Ƙasar gidaje ɗari ta, albarkar gidaje ɗari." Daga wannan labari ne mata suka ɗauki al'adar ƙwaƙular ɗan daɓe a gwangwanin madara su kai gida. Yaro ya yi zazzaɓin haƙori, a jiƙa kaɗan a ba shi.

Inna, ni na san ba haka abin ya faru ba. Na daɗe da sani.

Lokacin da nake kwalejin horon malamai aka ce kowa ya rubuto tarihin wani wuri na garinsu. Na je na zauna da Malam Garba, mijin Gwaggo Tumba, Allah ya ji ƙansa, don mahaifinsa yana cikin waɗanda aka yi abin a gabansu. Ya ce leburorin hanya ne baƙi suka gina ɗakin, su da wani malamin asibiti. Sun roƙi wurin yin ibada, mai gari ya duba ya ga duk ƙasar noma tana da masu ita, ya ce ga dutse can, ba mai shuka a kansa. Da suka hau suka tarar babu ko tafin ƙasa a sama, falale ne zalla. Dole kowa ya ɗauko daga gida. Mutanen gari suka ga baƙi suna wahala suka taya su. Asalin ƙwaryar ke nan. Na tambaye shi Mai-goyo, ya yi dariya har da tari. Ya ce an yi ta, 'yar ƙauyensu ce. Malamin asibitin nan yakan duba marasa lafiya a bakin ɗakin bayan an tashi sujada, shi ya yi wa yaron allura kwana uku a jere. "Yaro dai ya lashi ƙasa," in ji shi, "wane yaro na ba ya lasa?"

Na rubuta duka, aka ba ni maki mai kyau, na sa littafin a akwati. Da na dawo na karɓi makarantar Lahadi, wanne kike tsammani na koyar? Naki. Na Malam Garba ba ya sa idon yara ya yi haske. Naki kuwa, ko yaron da ya fi kowa ƙiriniya sai ya yi tsit. Na ce a raina, mene ne laifin labari mai daɗi? Har wasan kwaikwayo na shirya musu. Yarinyar da ta fito a Mai-goyo shekara biyu a jere ita ce Asabe, 'yar mai ɗinkin nan ta bakin kasuwa, wadda kike ba ƙosai kyauta don ta iya gaisuwa.

Asabe ta yi aure, tana da ɗa namiji, bai cika shekara biyu ba. Watan jiya aka kawo shi asibiti yana shiɗewa.

Rifkatu ce ta karɓe shi. Kin san ta, ƙawata tun firamare, yanzu ita ce babba a ɗakin yara. Tana cikin waɗanda suka yi aiki shekarar nan da gubar dalma ta kwashe yara a Yargalma da Tungar Guru da Abare, don haka da ganin yaron gabanta ya faɗi. Aka auna jininsa, aka sami gubar. Amma mijin Asabe malamin makaranta ne, ba mai haƙar zinariya a danginsu, ba a taɓa daka dutse a gidansu ba. Aka je aka auna tsakar gidan, lafiya lau. Rifkatu ta zaunar da ita ta bi komai ɗaya bayan ɗaya: ruwa, tukwane, kwalli, abin wasa. Can Asabe ta tashi ta ɗauko gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Uwarta ce ta ba ta ranar da za a kai ta ɗaki. Duk lokacin da jikin yaron ya yi zafi tana jiƙa masa. Da ya fara rashin lafiyar sai ta ƙara yawan abin.

Rifkatu ta ce mata wa ya gaya miki wannan magani ne. Ta ce, "Malama Ladi."

Da Rifkatu ta gaya mini a asibiti, ba zan iya kwatanta miki yadda na ji ba.

Bayan kwana biyu muka hau da safe, ni da Rifkatu da abokan aikinta biyu masu na'urar auna ƙasa. Ɗakin yana nan, Inna. Kwano ɗaya ya ɗaga, kurciyoyi sun yi sheƙa a kan taga, amma daɓenki ko tsagewa bai yi ba. Suka dafa na'urar a tsakiya, suka dubi juna. Suka dafa a gaba inda yara ke zama, suka sake duban juna. A kusurwar da gara ta ci, ana ganin daɓen hawa-hawa, na shekara bisa na shekara. Na can ƙasa lafiya yake. Na sama, kamar kaurin tafin hannu, shi ne mai gubar.

Ba sai an yi mini bayani ba. Na tuna shekarun da zinariya ta shigo, kowane gida ana dakan dutse, mata suna niƙa a turmin da suke daka hatsi. 'Ya'yan Gwaggo Tumba a tsakar gida suke shanya garin. Mutanenmu masu kasuwanci a ƙauyukan can suna zaune a gidajen haya inda ake wannan aiki. Kowa ya ɗebo ta inda iyali ke takawa, kamar yadda al'ada ta ce. Da masifa ta bayyana aka bi gida-gida aka kankare ƙasa, aka zuba sabuwa, aka binne tsohuwar nesa da gari. An share ƙasa, an manta da sama. Babu wanda ya tuna cewa mun kwashi ƙasar gidajen nan da kanmu, mun hau da ita, mun buga ta da kyau don ta daɗe.

A bakin ƙofa ta gabas akwai tafin hannunki, wanda shugabar daɓe ke dangwalawa in an gama. Na daɓenki na ƙarshe ne. Ɗan yatsanki da ya karkace ya fito sarai. Ɗaya daga cikin mutanen ya kai na'urar wurin, na ce masa ya bari. Rifkatu ta ce, "A auna." Aka auna.

Na kai maganar gaban dattawa ina tsammanin zama ɗaya ya isa. Sai da aka yi zama huɗu.

Baba Ishaya ne ya tsaya kai da fata. Ya tsufa ƙwarai, amma muryar tana nan. A zama na farko ya ce na'urar Turawa ba ta auna albarka. A na biyu ya ce shi ya sha ƙasar nan, 'ya'yansa sun sha, ga su nan da gemu. Na ce masa, Baba, wadda kuka sha ta ƙasa ce, kafin zinariya. Ya ce, "Ke dai boko ya yi miki yawa, Malama." Wani ya ce a shimfiɗa tabarma a kai. Wani ya ce a zuba sabon daɓe a rufe, kamar ba daɓen ne mata ke ƙwaƙula ba. Wani ya ce a kafa kwamiti ya kawo rahoto bayan Ista. Bayan Ista, Inna! Bayan yara sun yi rarrafe a kai, sun ci shinkafa a kai, uwayensu sun cika gwangwanaye!

A zama na uku na ɗauko littafina na kwaleji na karanta musu abin da Malam Garba ya faɗa. Na ce ni na san gaskiya na ɓoye, na koyar da abin da ya fi daɗi, ga ɗan Asabe can a kwance. Na ɗauka in na tona kaina za su sassauto. Baba Ishaya ya bari na gama, ya ce, "To, uwarki maƙaryaciya ta ke nan?" Ya ce ƙasar nan akwai ta gidajen da suka watse, akwai ta mutanen da ba a san kabarinsu ba, akwai ta matarsa. Ya ce, "Hannun Hannatu na bakin ƙofa. Ke ɗiyarta ke za ki sa mishi fartanya?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na gane shi. Ba mugu ba ne. Mutanenmu baƙi ne a ƙasar nan, yau a yi wa wannan canjin wurin aiki, gobe wancan ya kwashe iyali ya koma gida. Daɓen nan kaɗai ne wurin da kowa ya bar wani abu nasa ya zauna. Na sani. Amma yaro yana shiɗewa, Inna.

Har ke na yi fushi da ke. Na zauna ina cewa me ya sa kika iya ba da labari haka? Me ya sa ba ki kasance cikin matan nan da in sun fara magana yara ke watsewa ba? Daga baya na ji kunya. Ke abin da aka gaya miki kika faɗa, kuma kin yarda da shi har zuciya. Ba ki san me ke cikin ƙwaryar ba. Ni ce na san rabin gaskiya na rufe ta a akwati.

Shekaranjiya da la'asar na shiga gaida Gwaggo Tumba. Idonta ya yi rauni, da sanda take tafiya, amma da jin takuna ta ce ɗiyar Badakkariya ce. Kin riga kin tafi kafin abin ya same ta: jikokinta biyu ta binne a shekarar gubar, mako ɗaya tsakani. Ban yi niyyar gaya mata komai ba. Ta ce muryata ba daidai take ba, ta matsa, na faɗa. Sai ta tambaye ni yaushe ne zama na gaba.

Jiya muna ƙarƙashin darbejiyar harabar majami'a sai ga ta, surukarta tana riƙe da hannunta. Ba ta taɓa taka harabar nan ba tsawon zamanku. Dattawa suka miƙe, aka kawo kujera, ta ce tabarma ta ishe ta. Ta gaida kowa da sunansa, ta tambayi Baba Ishaya ƙafarsa, ta ce masa tun yana saurayi yake da taurin kai, ta ɗauka tsufa zai rage.

Sannan ta ce, "Ni ba sujada ta kawo ni ba. Ƙasata nika biɗa. Shekara da shekaru ina ba Hannatu tana kai muku. Ashe wadda ta ci min jikoki ita nib ba ta. An zo an kwashe ta gidana, ta wurinku ta rage. Ku maido min abuna in binne. Ba ni zuwa gaban Allah da ɗiyan wasu a wuyana."

Baba Ishaya ya ce, Hajiya, ai ta gauraya da ta kowa, ta yaya za a ware taki? Ta ce, "Wannan ku ta shafa. Ni dai ba ni tashi sai an ce min to."

Inna, zama huɗu ina kawo na'ura da littafi da sakamakon jini. Tsohuwa ta zo da sanda ta gama maganar kafin shayi ya huce. Na yi murna, kuma na ji haushi, duka a lokaci ɗaya. A wurinmu ba a hana mutum abin da ya ce nasa ne, balle maƙwabciyar da ta yi mana alheri tun kafin a haife ni. Dattawa suka yarda a kankare har inda na'ura ta ce ya isa, a bar na ƙasa. Bana manya kaɗai za su hau. Baba Ishaya ya ce shi ba zai hana ba, ba kuma zai je ya gani ba. Ya tashi ya tafi ba sallama.

Kada ki ɗauka an gama. Gwangwanayen suna nan a ƙarƙashin gadaje daga nan har Gummi. An yi sanarwa a kawo su, kaɗan suka zo. Wata ta kawo nata rabi, na san ta rage. Wata ta ce mini nata tun na kakarta ne, kuma ba yadda zan yi in sani. Ɗan Asabe ya daina shiɗewa, yana shan magani, amma Rifkatu ta ce sai ya fara magana da tafiya sosai za a san abin da gubar ta bari. Asabe ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. In na shiga sai ta gyara mini wurin zama ta ce, sannu Malama.

Ranar Lahadi zan tsaya gaban yarana in gaya musu bana ba za su hau ba, in kuma ba su labarin leburori da mai allura da mutanen garin da suka taya baƙi ɗaukar ƙasa. Ina ta juya shi a raina in ga yadda zan faɗa su saurara. Da kina nan da na kawo miki kin gyara mini. Ke kin san inda ake tsayawa a ja numfashi.

Ranar Asabar za mu hau. Rifkatu ta ce sai an jiƙa daɓen sosai don kada ya tashi, kowa ya rufe hanci, a zuba a buhuna, a sauko da su a binne inda ma'aikata suka nuna. Na ja ta gefe na tambaye ta ko za a iya yanko wurin hannunki kaɗai, in sa a gilashi in rufe, ba mai taɓawa. Ta dube ni ta ce, "Ladi, ke ma kin zama Baba Ishaya?" Na yi dariya, sai kuka ya biyo.

Don haka shi ma zai shiga buhu. Na roƙi alfarma ɗaya, an ba ni: ba wanda zai sa fartanya a bakin ƙofar gabas sai ni. Ba na so wani ya yi shi da gaggawa.

Ki yafe mini, Innata. Ba ke nake kankarewa ba. Na san da kina raye, kika ji abin da ya sami ɗan Asabe, da ba ki jira zama ko ɗaya ba, da tuni kin ɗaura ɗankwali kin yi gaba muna bin ki a baya.

Ubangiji ya ƙara miki hutu. Ya tashi kafaɗun yaron nan, ya bar masa hankalinsa da harshensa. Ya sanyaya zuciyar Baba Ishaya, ya saka wa Gwaggo Tumba, ya ji ƙan jikokinta. Ya taɓa zuciyar kowace uwa mai gwangwani a ɓoye har ta fito da shi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin hannu ranar Asabar, ya ba ni bakin faɗin gaskiya ranar Lahadi. Amin.

Ni ce ɗiyarki mai kewarki kullum,
Ladi